PS5, Xbox ko filaya: tambayoyi da amsoshi kan kallon fim a faifai

Gidaje da yawa na mutanenmu a Makka, Jidda da Madina suna da PlayStation ko Xbox a falo, yara na buga ƙwallo a kai dare da rana. A ɗaki kuma akwai jakar fayafayai, wasu an sayo su a nan, wasu 'yan uwa ne suka taho da su daga Kano lokacin Umara. Tambayar da ke yawan tasowa ita ce ko na'urar gem ɗin ta isa a kalli waɗannan fayafayan, ko sai an sayi filaya, wato na'urar da ba ta da wani aiki sai karanta faifai.

Wace na'urar gem ce ke karanta wane faifai?

PS5 mai ramin faifai tana karanta DVD, da Blu-ray (faifan da ya fi DVD tsabtar hoto), da Blu-ray na 4K (wanda ya fi su duka tsabta). PS4 kuwa, har da Pro, iyakarta DVD da Blu-ray na yau da kullum. Faifan 4K ba ya tashi a kanta ko da talabijin ɗinka 4K ce. A ɓangaren Xbox, One S da One X da Series X duk suna karanta 4K, amma Xbox One ta farko ba ta yi. Series S ba ta da ramin faifai sam, haka ma farar Series X da ta fito a 2024. Nintendo Switch ba ta cikin wannan zance.

A kula da PS5 Pro, wadda ta fito a Nuwamban 2024: a kwalinta babu na'urar faifai, daban ake sayenta a maƙala. Siririyar PS5 ta 2023 ma iri biyu ce, mai faifai da marar faifai. Mai saye a shagunan Jarir ko eXtra ya karanta jikin kwali da kyau, domin kwalayen sun yi kama.

To idan PS5 tana karanta 4K, me ya sa wasu ke kashe kuɗi a kan filaya?

Babban dalili shi ne Dolby Vision. Kowane faifan 4K mai HDR, wato tsarin da ke faɗaɗa tazarar haske da duhu a hoto, yana ɗauke da HDR10, wanda ke gaya wa talabijin iyakar hasken fim sau ɗaya tak, daga farko har ƙarshe. Dolby Vision kuwa yana ba talabijin umarni fage bayan fage: nan dare ne, a fito da abin da ke cikin duhu; nan rana ce tsaka, a riƙe farin gajimare kada ya ƙone. PS5 ba ta fitar da Dolby Vision daga faifai. Series X tana yinsa a gem da manhajojin kallo ta intanet, amma a faifai ita ma HDR10 take bayarwa. Faifan zai tashi lafiya lau, sai dai wannan ƙarin ba zai iso talabijin ba.

Kafin ka damu da wannan, duba talabijin ɗinka. Idan Samsung ce, maganar ta mutu, domin Samsung ba ta sa Dolby Vision a talabijin ɗinta. Wani tsari makamancinsa mai suna HDR10+ take amfani da shi. LG da Sony suna da Dolby Vision. TCL da Hisense da yawa suna da duka biyun. Mai Samsung da ya sayi filaya don Dolby Vision ya sayi rigar da ba zai taɓa sawa ba.

Abin mamaki, talabijin mai matsakaicin kuɗi ce ta fi cin gajiyar wannan, ba mai tsada ba. Ana gyara finafinai a kan allo mai hasken nit 1,000 (nit ma'aunin hasken allo ne), wasu har 4,000, alhali talabijin mai araha da ƙyar take haura 300 ko 400. Dole ta matse hasken ya shiga iyakarta, kuma a nan ne ake samun fim ya yi duhu kamar an kalle shi ta cikin baƙin gilashi, ko wutar fitila ta zama farin dunƙule marar siffa. Filayoyin Panasonic irin su DP-UB820 suna da abin da suka kira HDR Optimiser, wanda ke yin wannan matsewar tun kafin hoto ya bar filaya. Na'urar gem ba ta da makamancinsa.

Da ido za a ga bambancin, ko sai an kafa na'urar awo?

A kan Blu-ray na yau da kullum, kusan babu. Dukansu suna fitar da layi 1080 iri ɗaya. A kan faifan 4K mai HDR10 ma, mutum goma za su zauna a falo ba wanda zai ce ga PS5 ga filaya. Inda ido ke kamawa shi ne fim mai yawan duhu a kan talabijin mai Dolby Vision, sai kuma tsohon DVD, inda filaya mai kyau ta fi iya shimfiɗa ƙaramin hotonsa mai ɗigo 720 da 576 a kan babban allo ba tare da gefen fuska ya yi kamar haƙoran zarto ba.

Fayafayan finafinan Hausa da aka kawo mana daga gida sun ƙi tashi a PS5. Lalacewa suka yi?

Galibi lafiyarsu ƙalau. Juya faifan ka duba tsakiyarsa ko bangonsa. Finafinan Hausa da yawa na shekarun 2000, irin waɗanda aka riƙa sayarwa a kasuwar Ƙofar Wambai, a kan VCD aka buga su, kuma VCD faifan CD ne, ba DVD ba. PS4 da PS5 ba sa karanta CD kowane iri. Saboda haka faifan wa'azi, da na karatun Alƙur'ani, da na waƙoƙin biki da ke kan CD, duk ba za su tashi ba. Na'urar za ta ja faifan, ta ɗan juya shi, ta ce ba ta gane shi ba.

Akwai kuma irin faifan nan mai fim goma ko ashirin a cikin guda. Wasunsu DVD ne na sosai da aka matse, waɗannan sukan tashi. Wasu kuma fayil-fayil ne na kwamfuta aka zuba a faifai, irin AVI ko DivX. PlayStation ba ta buɗe fayil daga faifai, sai daga filas. Na uku shi ne faifan biki ko suna da mai kyamara ya ƙona a DVD-R. Wannan yana tashi idan an rufe shi bayan ƙonawa. Idan mai kyamarar ya manta bai rufe ba, sai a kan na'urar da ta ƙona shi kawai zai yi.

Maganin duk wannan ba filaya mai tsada ba ce. Ƙaramar filayar DVD mai araha, wadda aka rubuta VCD da DivX a jikin kwalinta, ita ce ke cinye waɗannan fayafayan ba gardama. Manyan filayoyin 4K ma ba duka ke karanta VCD ba, don haka a duba kafin a biya. Sharaɗi ɗaya: ta kasance tana da kafar HDMI. Sababbin talabijin da yawa sun daina zuwa da ramukan nan uku, rawaya da fari da ja.

A ganinmu, ga yawancin gidajen Hausawa a nan, haɗin da ya fi dacewa ke nan: na'urar gem ta riƙe Blu-ray da 4K, ƙaramar filaya ta riƙe tsofaffin fayafayan gida.

Na sayo faifai daga Amurka ta intanet, na'ura ta ce ba na yankinta ba ne. Ai gem ɗin Amurka yana tashi a kanta?

Nan mutane ke ruɗewa. Gem ba shi da kulle na yanki a PS4, PS5 da Xbox na yanzu, amma fim yana da shi. An raba duniya gida shida a DVD. Amurka da Kanada yanki na 1 ne. Saudiyya da sauran Gabas ta Tsakiya, da Turai, da Masar, da Japan, yanki na 2. Najeriya, Nijar, Sudan da Indiya suna yanki na 5. A Blu-ray gida uku ne: A na nahiyar Amurka da Japan da Koriya, B na Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, C na Indiya da Sin da Rasha. Na'urar da aka saya a Saudiyya 2 ce a DVD, B a Blu-ray. Wanda zai yi oda, ya yi daga Ingila ko Faransa ko Jamus, ba daga Amurka ba.

Faifan 4K ba shi da kulle, daga ko'ina ya zo zai tashi. Sai dai kwalin 4K yakan zo da faifai na biyu, Blu-ray na yau da kullum, kuma shi yana iya zama a kulle. Alamar tana bayan kwali: ƙaramin hoton duniya mai lamba a ciki ga DVD, harafi cikin zane mai kusurwa shida ga Blu-ray. Idan an jera A, B, C tare, ko an rubuta 0 ko ALL, ko'ina yana yi.

Haka abin yake ta ɗaya ɓangaren. PS5 da aka shigo da ita daga Amurka ana sayarwa da rangwame a shafin saye da sayarwa na Haraj za ta buga gem ɗinka duka, amma ta ƙi Blu-ray mai kulle da ka saya a Jidda.

Akwai yadda za a buɗe kullen?

A na'urar gem, Blu-ray ba ya buɗuwa. PS4 tana barin a canja yankin DVD sau huɗu, daga nan ta tsaya a kan na ƙarshe har abada, don haka kada a bar yara su yi wasa da wurin. Ƙananan filayoyin DVD da yawa a buɗe suke zuwa. Filayar Blu-ray mai karanta kowane yanki kuwa, wasu 'yan kasuwa ne ke buɗe ta su ƙara mata wani ɗan guntun allo a ciki, kuma wannan yakan soke garantin kamfani.

Ina da amfilifaya da sifikoki, amma sautin Dolby Atmos, mai kewaye mai sauraro, ba ya fitowa daga PS5. Me na yi ba daidai ba?

Saitin ba ya cikin babban menu na na'urar, shi ya sa mutane ke shan wahalar nemansa. Sai fim yana tafiya za ka danna Options a hannun gem, ka shiga Settings, ka je Audio Format, ka mayar da shi Bitstream. A haka PS5 za ta miƙa sautin kamar yadda yake a faifai, amfilifaya ta warware shi da kanta, sai ka ga Atmos ko takwaransa DTS:X ya bayyana a fuskarta. A Xbox, ka shiga Settings, Devices & connections, Blu-ray, ka sa alama a Let my receiver decode audio.

Idan ka yi haka bai fito ba, duba yadda wayoyi suka bi. Hanya mafi tsabta ita ce na'ura ta shiga amfilifaya, amfilifaya ta shiga talabijin. Idan na'urar ta fara shiga talabijin ne sannan sauti ya komo, to kafar da ya biyo ita ce ke yanke hukunci. Tsohuwar kafa mai suna ARC ba ta iya ɗaukar Dolby TrueHD, wanda Atmos na faifai ke hawa a kai, sai eARC. Ko da eARC ɗin ma, wasu talabijin ba sa barin DTS ya wuce. Samsung ta cire shi tun 2018. Alamar ita ce hoto na tafiya, sauti shiru, kuma a wasu fayafayai kawai.

Ga mai tsohuwar amfilifaya da ba ta san 4K ba, nan filaya ta yi wa na'urar gem fintinkau. Panasonic DP-UB820 da Sony UBP-X700 suna da kafar HDMI biyu: ɗaya ta kai hoto talabijin, ɗaya ta kai sauti zalla amfilifaya. PS5 da Series X kafa ɗaya gare su, kuma ba su da kafar sauti mai jan haske da PS4 ta farko take da ita.

Na sa faifan 4K, allo ya yi baƙi ko yana ƙyaftawa.

Abu huɗu za a bi, daga mai sauƙi. Na farko waya: wadda ta zo da PS5 ta wadatar, haka duk wadda aka rubuta Premium High Speed mai ɗaukar gigabit 18. Tsohuwar wayar risiba ita ce ke kawo ƙyaftawa da ɗigon fari kamar yayyafi. Na biyu, kafar talabijin: yawancinsu a rufe suke zuwa, sai ka buɗe musu cikakken ƙarfi. A Samsung sunan saitin Input Signal Plus, a LG HDMI Ultra HD Deep Colour, a Sony Enhanced format, kuma kowace kafa da nata. Na uku, idan yaro yana ɗaukar gem ɗinsa yana ɗorawa a YouTube, mai yiwuwa ya kashe HDCP, wato tsaron hana kwafar fim, a PS5, kuma fim ba ya tashi sai da shi. Yana ƙarƙashin System, HDMI. Na huɗu, duk abin da ke tsakanin na'ura da talabijin, ko amfilifaya ko akwatin raba HDMI, dole ya san HDCP 2.2.

Dole sai da intanet?

Sau ɗaya a farko, e. PS4 tana son a haɗa ta sau ɗaya kafin ta fara karanta fim. Xbox sai an sauke manhajar Blu-ray Player, kyauta ce. Na'urar faifan da ake maƙala wa siririyar PS5 ko Pro ita ma sai an yi mata rajista ta intanet ranar da aka haɗa. Bayan haka fim yana tafiya ba intanet, sai dai sabon faifai wani lokaci yakan nemi a sabunta makullin tsaron da ke cikin na'urar. Filaya daga kwali take fara aiki.

Kallon fim yana kashe idon na'urar gem, wato abin da ke karanta faifai?

Yana cin sa fiye da gem. Gem na PS5 kwafe shi ake yi a cikin na'ura, faifan ya ɗan juya don tabbatarwa ya tsaya. Fim kuwa sa'a biyu ko uku faifai na gudu, ido na kunne. Fim ɗaya ko biyu a mako ba abin damuwa ba ne. Gidan da ake kallo kullum, ko yara na maimaita katun ɗaya sau uku a yini, gara a ɗora wannan nauyin a kan filaya. Dalili shi ne gyara: a PS4, PS5 ta farko da Xbox, allon da ke jikin na'urar faifai an ɗaure shi da babban allon na'urar. Mai gyara ba zai cire ya sa wata kai tsaye ba, sai ya dawo da tsohon allon a kan sabuwar. Siririyar PS5 da Pro ne kawai ake zare tasu da hannu a sa sabuwa.

Faifai sabo fil yana tsayawa a tsakiyar fim.

Yawanci shatin yatsa ne. Faifan 4K yana ɗaukar gigabait 66 ko 100, a hawa biyu ko uku, inda DVD ke ɗaukar 4.7 ko 8.5. Bayanan Blu-ray suna nisan kashi ɗaya cikin goma na milimita daga fuskar faifai, na DVD kuwa kashi shida cikin goma. Don haka maiƙon da DVD ba zai ji ba, faifan 4K sai ya tsaya a kansa, musamman daidai inda ido ke tsallakawa daga hawa zuwa hawa. Riƙe faifan a ƙarƙashin fitila ka karkata shi, za ka ga shatin. Goge da ƙyallen goge tabarau, daga rami zuwa baki a miƙe, ba a zagaye ba. Idan maiƙo ne sosai, ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, a bar shi ya bushe sarai. Kada a kai Blu-ray wurin injin kankare faifai yadda ake yi wa DVD, fatarsa ba ta da kaurin da za ta jure.

Wani kuskuren da ya yawaita a PS5 idan tana tsaye: a sa faifai a juye. Fuskar da ke da rubutu ita ce ke kallon jikin na'urar, ba murfin waje ba.

Zafi da ƙurar ƙasar nan fa?

Sony ta ce a yi amfani da PS5 tsakanin digiri 5 da 35, a bar mata aƙalla santimita 10 daga bango. Cikin rufaffen kabad ɗin talabijin a watan Yuli, idan mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) a kashe yake, ya wuce haka nesa. Fanka za ta tashi da ƙara, kuma a fim mai shiru za ka ji ta. Filaya wutar da take ci kaɗan ce, wajen wat 15 zuwa 30, inda PS5 ke cin wajen 50 a kan fim ɗin, saboda haka ba ta zafi sosai.

Abin da aka fi mantawa da shi turaren wuta ne. Hayaƙinsa yana da maiƙo, fankar na'urar gem kuma zuƙo iska take yi. A hankali yake kwanciya a kan ido, ƙura ta manne a kai. Alamar farko ita ce na'ura ta fara ƙin Blu-ray tana karɓar DVD, ko akasin haka, domin kowanne da hasken da ke karanta shi: ja na DVD, shuɗi na Blu-ray. Idan za a turara falo, a kashe na'urar gaba ɗaya, a nisanta kasko. A Jidda kuma akwai laima: na'urar da aka fito da ita daga ɗaki mai sanyi zuwa iska mai ɗumi takan yi gumi a ciki, a ba ta kamar sa'a guda kafin a kunna. Faifai kuwa kada ya yini a mota, lanƙwashewa yake yi, kuma ba ya miƙewa.

Idan na yi odar filaya daga waje, wutar nan za ta yi mata?

Karanta bayanta. PS5 da Series X suna karɓar 100 zuwa 240, ba ruwansu. Filayoyin da aka yi wa kasuwar Amurka da yawa 120 kawai suke karɓa, kuma wutar yawancin gidaje a Saudiyya yanzu 220 zuwa 230 ce. Soka ta kai tsaye, ta ƙone nan take. Ta Ingila ta fi dacewa: wuta ɗaya, fulogi mai ƙafa uku iri ɗaya, yankin faifai ma ɗaya. A tsofaffin gidaje da har yanzu ke da soket na 127, a tabbatar wanne ake sokawa.

Hajiya ba ta iya amfani da hannun gem. Akwai dabara?

Akwai rimot na PS5 da Sony ke sayarwa daban. Ko kuma a kunna Enable HDMI Device Link a saitin HDMI, sai rimot ɗin talabijin ya riƙa tsayar da fim yana ci gaba da shi. Amma duk da haka sai an wuce zaɓen mai amfani, wani lokaci na'ura ta tsaya sabunta kanta, ko a tarar hannun ba caji. Ga dattijo, filaya ta fi: a danna, tire ya fito, a ɗora faifai. Kuma tana raba gardamar wa zai yi gem, wa zai yi kallo, idan akwai talabijin ta biyu.

Wace filayar 4K ake samu yanzu?

Kasuwar ta tsuke. Oppo ta daina a 2018, Samsung ta bi baya a 2019, LG ma ta janye. Sony da Panasonic ne suka rage a cikin manya. Sony UBP-X700 tana da Dolby Vision, amma da hannu ake kunna shi a kashe shi. Idan ka bar shi a kunne, za ta tilasta shi har a kan faifan da ba shi da shi, launi ya sauya. Panasonic DP-UB820 tana gane faifai da kanta, tana da Dolby Vision da HDR10+, tana kuma barin a rage hasken rubutun fassara ko a matsar da shi sama ko ƙasa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mai kallo da fassarar Larabci a ɗaki mai duhu, domin farin rubutu a HDR yana dallare ido. Ƙaramarta, DP-UB450, ita ma tana da duka biyun amma ba ta da HDR Optimiser. Ba kowane shago ke ajiye su ba. Yawanci sai ta Amazon.sa ko noon, kuma a duba ko harajin kashi 15 da kuɗin jigila suna cikin farashin da aka nuna.

Duk faifan da na saya zai zo da fassarar Larabci?

A'a, kuma na'ura ba ta ƙara abin da ba ya cikin faifai. Jerin harsunan yana bayan kwali da ƙananan haruffa. Bugun da aka yi wa kasuwar Gabas ta Tsakiya shi ya fi zuwa da ita, wasu bugun Ingila ma suna da ita, na Amurka kuwa galibi Turanci, Faransanci da Sifaniyanci ne. Fim ɗaya yana iya samun Larabci a faifan 4K ya rasa a Blu-ray ɗin da ke kwali ɗaya da shi, don haka a karanta layin kowane faifai daban.